Rasuwar Jar Tukunyar Ama a Xiamen

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Tsai Pei-shan, haifaffiyar birnin Tainan na can tsibiri, mai zaune a birnin Xiamen a ƙetaren ruwa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar jar tukunyar lantarkin kakata Ama. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a kan teburin kicin, tana da shekara talatin da huɗu, da ɗanyar shinkafa a cikinta. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi.

Marigayiya ba ta da girman kai. Maɓallinta ɗaya ne, kofin ruwa ɗaya ya ishe ta. Ta turara kifi, ta dafa kunun shinkafar da na sha duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta ɗumama abincin kakana har ranar da ya daina ci. Idan tana aiki murfinta yana rawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar tsohuwa mai mita ita kaɗai. Idan ta gama sai ta ce ƙat, ba ƙari. Na karanta littattafan soyayya sun fi nauyina, ban haɗu da masoyin da ya kai ta cika alkawari ba.

Ranar da zan ƙetaro ruwa Ama ta ɗora mini ita a cinya, ta ce, "Jikalle, wutar bangonsu ta ninka tamu. Kada ki yarda ta sha sai ta hannun ɗan rakiya." Ɗan rakiyar taransfoma ne baƙi, nauyinsa kamar dutsen niƙa, ga gurnani.

Wanda ya yi kisan shi ne Hong Zhenyu, wanda aka sa ranar baikonmu Asabar mai zuwa, wanda na taɓa rubuta wa cewa girarsa jinjirin wata ce. Ya san labarin ɗan rakiya, har kwaikwayon muryar Ama yake yi da shi. Ranar nan mahaifiyarsa za ta zo ganin ɗakina karon farko, sai ya ga taransfoma ya ɓata wa kicin kyau, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ina wanke kifi na ji ya ce, "Shan-shan, kin ga fulogin ya shige zuruf. Ku mutanen tsibiri, komai sai kun yi masa tsafi."

Kafin in goge hannu fitilar tukunyar ta yi wani irin haske da ban taɓa gani ba. Murfin ya yi ƙwal sau ɗaya. Sai tas, sai wari.

Ni na yi binciken gawa, da hawaye da lissafin ƙaramar sakandare. A gindinta an rubuta volt 110, wat 550. Raba wat da volt, amp biyar take sha. Raba volt da amp, turjiyarta ohm ashirin da biyu, kuma turjiya ba ta canzawa don an hau jirgin ruwa. Bangon Xiamen volt 220 yake bayarwa. Raba shi da ashirin da biyu, amp goma suka ratsa ta. Goma sau 220, wat dubu biyu da ɗari biyu, a ƙirjin tsohuwar da aka yi don ɗari biyar da hamsin.

Zhenyu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Haba, ninki biyu ne kawai fa."

Na ce, "Huɗu ne, angon Asabar. Matsi ya ninka, abin da ya ratsa ta ya ninka."

Mahaifiyarsa ta shigo tana toshe hanci. Da ta ji bayani ta ce, "Gara da aka yi haka. Dama ba za a shigar mini gidan ɗa da tarkacen bola ba." Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Mama, bar ta ta yi kukanta. Gobe zan sayo mata wata mai magana, ta riƙa taya ta karanta waƙoƙi."

Marigayiya ta rasu ta bar murfi, da tukunyar ciki, da kofin awo wanda lambobinsa suka goge, da taransfoma, gwauro a ƙarƙashin gado. Ta kuma bar Ama, wadda na kira a waya, kafin ta tambayi lafiyata ta ce, "Tana nan lafiya?" Da na faɗa mata, sai ta ce, "Shi angon naki, an gaya masa zancen ɗan rakiya?" Na ce an gaya masa. Ta ce, "To ke ma a gindinki akwai rubutu."

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a a ɗakina. A zo da fararen kaya, ba a buƙatar furanni. Waɗanda aka gayyata liyafar baiko su je abinsu, tebura na nan, za su tarar da ango da uwarsa, sai su yi musu ta'aziyya. Gawa za ta tashi cikin kwali ranar Asabar, a jirgin ruwan safe, zuwa Tainan inda bango ya san darajarta.

Zhenyu ya zo jiya da sabuwar tukunya a hammata, yana cewa, "Shan-shan, wai duk a kan ƙarfe?" Na amsa masa a bakin ƙofa, yadda maƙwabta za su ji:

"Zobenka yana cikin kofin awo, ɗauki ka bar mini kofin. Taransfoma na bar maka gado, ka ajiye wa wadda za ta biyo baya. Ni zan raka gawa, kuma tikitin tafiya kaɗai na yanka."