Kuɗin Kiru-Fito

Jama'a, idan kun ga ina tafiya a karkace a makon nan, kada ku ce tsufa ne. Siyasa ce ta kama ni a ƙugu, ni da ko shugabancin layinmu ban taɓa nema ba.

Ranar Talata da sassafe maƙwabcina Ubale ya buga min ƙofa a nan Yako, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ubale manomin rani ne. Albasa ce duk arzikinsa bana, kuma ta kai lokacin da in ta rasa ruwa sai dai a je masa jaje. Galan ɗaya na fetur ya rage masa na injin ban ruwa, shi ma sai da ya yini a layin gidan mai kafin ya samu. Sai ga shi tsaye da galan ɗin a hannu.

"Malam, fito da babur ɗinka. Rediyo ta ce jam'iyya ta samu kuɗin Kiru-fito."

"Kuɗin me?"

"Kiru-fito mana! Ai sunan ya gama bayani. Mutanen Kiru su fito a raba musu. Yau ake taro a Dangora."

Na so in yi gardama, amma wa zai yi gardama da kuɗin da aka raɗa wa sunan ƙaramar hukumarsu? Na ce babur ba mai. Ya juye fetur ɗin albasa a tankina, ya ce in an raba jarka guda zai cika.

A hanya muka tarar da wani dattijo ɗan garin Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji yana ta faɗa a bakin titi. Shi ma labarin ya iske shi. "Mu 'yan Bebeji laifin me muka yi? Ina namu Bebeji-fiton? Kullum sai a tsallake mu!" Ubale ya ba shi haƙuri, ya ce wataƙila bi da bi ake yi.

Ɗan takarar jam'iyya, Mai Girma Inuwar Talakawa, Garkuwan Masu Jiran Gobe, bai samu zuwa ba. Kun san shi, bawan Allah nan da ya rantse a gaban jama'a cewa duk abin da ya mallaka bai wuce gidan gado da akuya ɗaya ba. Akuyar tana da albarka, domin manyan motocin da suka zo da fastocinsa sun cika filin ƙwallo. Ya turo yaronsa Mujitaba, mai shadda tana ƙara da waya a kowane aljihu.

Da aka gama kirari da tafi ba a ga buhu ba, sai Ubale ya miƙe. "Ranka ya daɗe, muna gaisuwa. Mun fito. Ina Kiru-fiton?"

Mujitaba ya yi dariya har ya dafa mota. "Baba, kirifto ake cewa. Kuɗi ne na intanet, masoya ne suka turo wa jam'iyya gudummawa. Ba a riƙe shi a hannu, a cikin waya yake."

"To, masoyan su wane ne?"

"Ai mu ba ma ɓoye-ɓoye. Komai a fili yake, kowa zai iya dubawa." Ya miƙa masa waya. Na leƙa ni ma. Wani dogon layi ne na baƙaƙen boko da lambobi a cakuɗe, kamar kaza ta bi ta kan allo.

"Wannan ne sunan nasa?" in ji Ubale. "Ɗan wane gida ne? Mu dai a garinmu, in mutum ya yi maka alheri, kakan taka ka je ka yi masa godiya. A nuna mana ƙofar gidansa."

"Baba, ba a sanin mai shi. Haka tsarin yake."

"Shi Mai Girma ma bai san shi ba?"

Nan take wayoyin Mujitaba suka fara ƙara, ya shige mota don amsawa, bai sake fitowa ba.

Ni fa dole in yaba wa manyanmu, ci gaba ya zo. Da can a jakar Ghana-mas-go ake kawo kuɗin siyasa. Mukan ga motar, mu ga wanda ya sauke, har mu ga wanda bayansa ya ƙage wajen ɗauka. In an ci zaɓe aka ba wani kwangilar hanyar da ba a yi ba, mun san bikin wa ake ramawa. Yanzu an hutar da mu wannan wahalar ta sani. Mutumin da ba shi da suna, ba shi da gari, ba shi da uwa ba shi da uba, ya zuba dukiya saboda ƙaunar mutanen Yako kawai, kuma ba abin da yake so a mayar masa. Wallahi abin ya ƙona min rai, don duk wanda ya biya wa mutum kuɗin hawa, shi zai faɗi inda za a sauka, mu kuwa ko fuskarsa ba za mu gani ba.

Mai ya ƙare mana kafin mu iso gida, muka turo babur cikin rana. Muka wuce kai tsaye lambun Ubale. Albasa ta sunkuyar da kai. Muka ɗauki bokiti, ni da shi da 'ya'yansa, muna ɗebo ruwa daga rafi har aka kira magariba. Shukokin da ke kusa da rafi sun farfaɗo. Na can sama kuwa sun tafi, kuma da su ya yi niyyar gyara rufin ɗakinsa kafin damina.

Jiya wani wakilin jam'iyya ya biyo layinmu yana tambayar wa da wa za a dogara da su ranar zaɓe. Ubale ya ba shi tabarma, ya ba shi ruwa, ya gaishe shi da kyau, sannan ya ce, "Ka gaya wa Mai Girma ya kwantar da hankalinsa. Tawa ƙuri'ar na riga na tura masa ta intanet. In ya duba akwati bai gan ta ba, kada ya damu, haka tsarin yake."

Ni kuma duk wanda ya san mai gyaran ƙugu a Tudun Wada ko Doguwa ya taimaka ya yi min kwatance. Amma don Allah wanda yake da suna da ƙofar gida.