Rasuwar Hajiya Zuƙau, Injin Shan Ƙura na Gidan Modu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da ƙaurin ƙonanniyar waya ba, ni Modu Kolo na unguwar Birni a Damagaram, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Birni da Zango da Droum rasuwar dattijuwar gidanmu, Hajiya Zuƙau, injin shan ƙura, wadda Nasara ke kira aspirater. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin zaurena, tana tsakar aiki, bayan jinyar da ba ta kai tafasar shayi ba.

Liman ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in ce Allah ya ji ƙanta, don ƙarfe ba shi da rai. Na bi maganarsa. Amma wanda ya ƙera ta, in yana raye, Allah ya ƙara wa hannunsa albarka.

An haifi marigayiya a ƙasar Faransa tun kafin mu karɓi mulkin kai. Ta shigo Damagaram cikin kayan matar wani likita Bature, kuma da za su koma gida Madam ta bar mini ita, lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a biro, wato ofis. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ƙaddara ƴar ganga ce ta ƙarfe, shuɗiya, a kwance bisa tayoyi, da dogon hanci mai lanƙwasa. Kana gaba da hancin, tana biye da kai a baya, ba gardama. Ƙirar da ce, jama'a, ba irin robar yanzu ba da rana ɗaya za ta narkar.

Muryarta kuwa, wa zai manta? In aka kunna ta sai ta fara da "hmmm", ta ɗan yi nazari, sannan ta ɗauki "wuuuu" har kajin maƙwabta su watse. In ta haɗiye tsakuwa sai ka ji "ƙwal-ƙwal-ƙwal" tana gangarawa. In an kashe ta kuma ba ta yin shiru farat ɗaya, sai ta sauke ajiyar zuciya, "fiiiuu", a hankali.

Na san abin da mahassada ke faɗa. Wai me injin shan ƙura yake yi a gidan da daɓensa yashi ne? To, a ranarta ta farko ta ba su amsa, don ta shanye farin yashin da matata Kaltuma ta baza a ɗakinta, tas, har da ɗan kunne guda. Tun daga ranar Kaltuma ba ta ƙara kiran sunanta ba, sai dai "ƴar banzar nan ta Malam mai cin kuran", wato wutar lantarki. Marigayiya ba ta taɓa ramawa ba. Aka rage mata aiki ya koma darduma guda ɗaya, ran Juma'a da safe, kuma ta riƙe dardumar nan da amana shekara da shekaru. Mutane har daga Zango suke zuwa kallo. Wani tsoho ya taɓa roƙon a ɗora masa hancin a gwiwa, ko za ta zuƙe masa sanyin ƙashi.

Ta rasu ta bar ƙanne uku, waɗanda na tsinto ɗaya bayan ɗaya a gwanjon Turawa masu tafiya. Akwai Ƴar Kano, lafiyarta lau, sai dai kan wayarta haƙori uku ne, ramin bangonmu kuwa biyu ne, don haka ba ta taɓa ɗanɗana kuran ɗin Nijar ba. Akwai Guntuwa, wadda ta zo ba hanci. Akwai kuma Bebiya, kyakkyawa ja, wadda ba wanda ya taɓa jin muryarta, ni ma don kyanta nake goge ta. Ta kuma bar ni. Tsintsiyar gidan ba ta nuna wani alhini ba, kuma ba mu yi mamaki ba.

Ga yadda ajali ya zo.

Ba sai na ba kowa labarin farin nan ba, kowa a jikinsa yake ji. Yayana Ari, manomi a Droum, abin da ya rage masa a duniya tulu ɗaya ne na irin gero, irin gidanmu tun na kaka. Ya cakuɗa shi da toka, ya liƙe bakin da laka, yadda ake yi. Iri ba a cinsa, kowa ya sani, amma yunwa ba ta da kunya, kuma Ya Ari ya ga idon gidansa, har da nasa, ya fara yawan komawa kan tulun. Sai ya ɗora shi a jaki ya kawo mini ajiya har ruwa ya sauka.

Yana isowa ƙofar gida, ko gaisuwar wushe ba mu gama yi ba, wani kamyo, wato babbar motar kaya, ya danna oda a kan kwana. Jaki ya zabura. Tulu ya sauka a kan falalen dutsen da ke bakin zaurena, ya tarwatse. Wanda ya san Birni ya san duwatsunmu, ko'ina tsaga. Mata suka fito da faifai da tsintsiya suka tattara na sama, bai kai rabi ba. Sauran duk ya zurare cikin tsagar dutse, inda yatsa ba ya shiga, tsinke ba ya fitarwa. Kafin mu ankara tururuwa sun yi layi, kowace da ƙwaya a ka, suna shigewa ƙasa da ita.

Ya Ari ya zauna daɓas a ƙasa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi abin da ke faifan nan ba zai rufe ko gefen gona ba, don haka zai kwashi iyali su yi kudu kamar sauran mutane, gonar babanmu kuma duk wanda ya so ya ɗauka.

Ina so a rubuta wannan a tarihi: Kaltuma ce, da bakinta, ta juyo ta ce in je in jawo ƴar banzar nan tawa, ko yau za ta yi ranar kanta.

Allah ya taimaka akwai kuran. Na jawo Hajiya, na cire mata baki mai faɗi na sa siriri, na zura cikin tsaga. "Hmmm," in ji ta, sannan "wuuuu". Sai muka ji gero yana hawa hancin, "shaaaa", da toka, da yashi, da tururuwar gaba ɗaya. Muka bi tsaga bayan tsaga. Ita da ta saba da darduma ɗaya a mako, yau ga ta tana haƙar dutse cikin zafin bazara. Jikinta ya yi zafin da hannu ba ya zama. Maƙwabcina Mai Nasara, mai gyaran rediyo da fanka, ya ce Malam Modu a kashe ta ta huta, wallahi ƙauri yake ji. Gaskiya ya faɗa. Amma tururuwa ba ta hutu, kuran kuma ba ya sallama in zai tafi. Yatsana na kan maɓallin. Na dubi Ya Ari, na ɗauke yatsan.

A babbar tsaga ta ƙarshe muryarta ta canza, ta koma "grrr, grrr". Ta ja, ta ƙara ja, har muka daina jin hawan gero. Sai "fat!", hayaƙi ya fito ta baya. Ajiyar zuciyar nan ma ba ta samu ta yi ba.

Da aka buɗe cikinta aka sheƙe aka tankaɗe, abin da ya fito ya cike gurbin tulun har ya ɗora, don ashe ta haɗa da rumbun tururuwar, har da jar dawar taimako da suka jima suna sata. Kaltuma ta yi ta share ido, ta ce toka ce. Mai Nasara ya duba marigayiya ya girgiza kai, ya ce motar cikinta, wato injin da ke zuƙar, ta ƙone ƙurmus, kuma irinta ko a Faransa an daina yi. Ni dai na yi kuka, kuma ba toka ba ce.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. An riga an yi mata wanka, Kaltuma ce ta yi, ba ta bari kowa ya sa hannu ba. Ba za a binne ta ba. Mai Nasara ya cire ƙonanniyar motar, kuma tunda tulu ya fashe, an zuba irin a cikinta da sabuwar toka, an rufe murfi, an toshe bakin da laka. Ƙarfe ne, ba ɓera, ba tururuwa, ko jakin ya sake zabura ba abin da zai same ta. Ya Ari ya ce yanzu zai iya kwana da ita a ɗaki bai taɓa ba, don ba wanda zai ci abin da aka mutu a kansa. Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan sallar asuba daga zaurena zuwa Droum, a bayan wannan jakin dai, duk da ban yafe masa ba.

Masu zuwa gaisuwa gida, muna maraba, amma ku yi haƙuri, ruwa kawai za ku sha. Ainihin zaman makoki kuwa ba mu sa masa rana ba, don ba a hannunmu take ba. Duk daren da ruwan farko ya sauka, washegari da sassafe a haɗu a gonar Ya Ari, a can za a buɗe ta. Wanda ya zo da hawaye mun gode. Amma don Allah kowa ya zo da sungumi.