Ɓerayen Kaka Felisita Uku da Suka Ɓace

Kwana tara ke nan da rufe shafin intanet na Kaka Felisita, mai gasa ɓeran Masar a kasuwar garin Huancayo. Wai bidiyon gashin namanta zaluntar dabbar gida ne, ka ji fa! Ta shafin nan masu biki ke nemanta, ga bikin gari ranar Lahadi, waya kuwa shiru. Abin ya ci mata rai. Tana juya nama sai ga jikanta Wilmer, ma'aikacin kamfanin da ke tace abin da mutane ke ɗorawa.

"...lafiya lau, tsohuwa. Haƙoran nan biyu suna nan?"

"Suna nan, kai suke jira. Sarkin goge-goge! Yau abincin wa ka rufe?"

"Ni ban rufe ki ba, na'ura ce. Ta ga fuskarki ta firgita."

"Fuskar da kakanka ya tako tsauni uku a ƙafa don ya gani? Buɗe mini shafina, mai kunnuwa kamar faranti."

"Doka ta hana ni taɓa ƙarar dangi."

"Da kake lashe mini tukunya, dokar tana barci?"

"Waɗanda suka rubuta ƙa'idar a ƙasarsu ɓeran Masar ɗan gida ne, Kaka. Har suna suke raɗa masa."

"Ni ma ina raɗawa. Na jiya sunansa Wilmer, ya yi daɗi da dankali." Ta yi tsaki. "Ga rufewa, ga sata. Ran Talata gasassu uku suka ɓace a tiren nan."

Wilmer ya sosa ƙeya. "Sun je taro ne."

"Taron uban wa?"

"Na shugabanninmu. Na ajiye su a tebur da yajinki, na ce ga abin da muke rufewa. Baƙuwar da ta zo daga babban ofis sai da ta tsotse ƙashi. Jiya aka gyara ƙa'idar, yau an buɗe muku, ke da duk masu gasa shi a yankin nan. Duba wayarki."

Ta goge hannu a zane ta duba. Ga shafi ya dawo, ga saƙonni suna ta shigowa. Idonta ya ciko don murna, ta yi maza ta ɗora wa hayaƙi laifi.

"Ashe kai ne ɓarawon!"

"Lauya dai."

Ta fashe da dariya, ta tsinke kan mafi ƙiba, wanda ba ta taɓa ba kowa sai marigayi mijinta, ta miƙa masa.

"Ungo, ɓarawo. Ci ka ɗauke ni bidiyo, ta gefen da haƙoran suke."