Rasuwar Opal Mai Tsirkiya Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin taɓawa, ni Hollis Crabtree nake sanar da 'yan uwa da abokan kiɗa rasuwar mandolin ɗina, wato ɗan molona, Opal mai tsirkiya takwas, wadda ta cika ranar Asabar a birnin Chicago, a gaban jama'ar da suka sayi tikiti.

An sassaƙa marigayiyar a duwatsun gabashin Kentucky, ta tashi a hannun Kawu Delmer, mijin Gwaggo Virgie. Shi ne ya cusa mata wutsiyar maciji mai kacau-kacau a ciki, kamar yadda makaɗanmu suka saba, wai don murya ta yi zaƙi, ɓeraye kuma su nemi wani masauki. Tun daga ranar, duk sautin da ta fitar sai ya ƙare da ɗan "zzz". Da Kawu ya rasu, Gwaggo ta miƙo mini ita da sharaɗi ɗaya. Ta ce, "Ka kai ta duk inda ƙafarka ta kai ka. Amma ranar da ka cire wutsiyar nan, ka nemi wata gwaggon." Duk Lahadi kuwa sai na kira ta a waya na kaɗa mata, don ta ce wannan "zzz" ɗin minsharin mijinta ne, kuma baccin rana ba ya ɗaukarta sai ta ji shi.

Opal baiwar Allah ce marar girman kai. Ta yi kiɗan rawa a rumbun taba, ta raka mawaƙan coci, ta yi zaman hira da masu busa ƙaho a New Orleans, ta shiga manyan ɗakunan da ko tari mutum ya yi sai an harare shi. Mutanen ƙauyenmu sun ce na lalata ta da kiɗan 'yan boko. 'Yan boko sun ce tana warin ƙauye. Ita dai amsarta ɗaya ce ga kowa: "cak, cak, tirrr, zzz." Aibinta guda, tsirkiyoyinta biyu-biyu suke, kuma ban taɓa ganin ma'aurata masu rigima irinsu ba. Ka lallashi wannan, waccan ta yi yaji.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga wani dogon kiɗa da na tsara mata, ita da makaɗa masu goge cike da dandamali. Muna cikin gwaji, jagorar makaɗan, Madam Ostrowski, ta ɗaga 'yar sandarta, kowa ya yi tsit.

"Mista Crabtree, wa ya shigo mana da ƙudan zuma?"

Na yi mata bayanin wutsiya cikin ladabi.

"To, ko macijin ya fita, ko kai ka fita."

Ina so duniya ta shaida cewa na tsaya kan bakana har lokacin abincin rana. A nan ne abokina Purvis, mai kaɗa ƙaton goge, ya zauna kusa da ni da nama a baki. Ya ce, "Haba Hollis, tsohuwa tana can Kentucky, ina za ta sani? A ciro, a yi wasa, a mayar." Muka kifa Opal muka girgiza, wutsiya ta ƙi fitowa. Purvis ya lanƙwasa wayar rataye riga, ya zura, ya laluba, ya fizgo wutsiyar waje. Marigayiyar ta ce "ƙis", amma ba mu kula ba.

Ranar wasa na fito cikin baƙar kwat, na zauna, na murɗa tsirkiya ta ƙarshe. Opal ta ce "ɗau!" Ƙirjinta ya rufta ciki, katakon da ke tallafe da tsirkiyoyi ya yi tsalle ya faɗa cinyar wata baiwar Allah a layin gaba. Da yake an san ni da gauraya kiɗa, jama'a suka ɗauka sabon salo ne, suka tashi tsaye suna tafi. Likitan kayan kiɗa da ya duba gawar ya ce haƙarƙarin ciki ya daɗe da ɓallewa, wutsiyar ce ta maƙale a ƙarƙashinsa tana tokare da shi duk shekarun nan.

Marigayiyar ta bar akwatinta, da maɗaurin kafaɗa, da wutsiya a aljihuna, da wani ɗan uwanta banjo, molo mai kwakwazo, wanda har yanzu bai rage murya ba don nuna alhini.

Da Lahadi ta zo, na ari mandolin ɗin wani, na jefa wutsiyar ciki, na kira Gwaggo, na kaɗa. Ta saurara kaɗan.

"Kai Hollis, wannan ba minsharin Delmer ba ne. Wane ƙato ka kawo mini ɗaki?"

Sai na faɗa mata komai. Wallahi kuka na yi, ba don katako ba, sai don tsohuwar da za ta riƙa kwanciya ranar Lahadi ba minsharin kowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a bayan gidan Gwaggo Virgie, gefen kabarin Kawu Delmer. Mata su zo da wake da burodin masara, maza su zo da shebur. Masu banjo su bar kayansu a mota. Purvis ya aiko cewa haƙori na damunsa, ba zai samu zuwa ba. Gwaggo ta ba da umarni a haƙa ramin da faɗi, yadda zai ɗauki biyu. Na tambaye ta wane ne na biyun. Ta ce in dai zo da wuri, kuma in saka baƙar kwat ɗin nan.