Kunkurun Teku da Jelin Buɗa-baki

Ba zan taɓa mantawa ba, saura kwana tara iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta mutu aka kira ni ganawar neman aiki a wata madrasa a unguwar Harra ta Gabas, cikin Madina. Farkon shekarun tamanin ne, cikin azumi. Mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya suke nema, kuma wanda suka ɗauka za su zame masa kafili, su sabunta masa iƙama, ya ci gaba da zama a Madina. Ba kaina nake ji ba. Innata nake ji, tsohuwa mai ciwon ƙirji da ba ta da burin da ya wuce a binne ta a Baƙi'a.

Baba Idi, maigadin makarantar, shi ya tsaya min, don na cika masa baki cewa na karanci kimiyya a gida (aji biyu na yi a sakandare, shi ma a bencin baya).

Ustazun da ke tambaya ya ce in kwatanta babban kunkurun teku da "futr hulami". Kunkuru dai na san shi. Hulami kuma abu ne mai santsi mai rawa. Sai kunnen mai yunwa ya ji "fitr", wato buɗa-baki. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, ai jelin shan ruwa yake nufi.

Na gyara zama, na bayyana masa da gurgun Larabcina cewa kunkuru halal ne a wurinmu Malikiyya, sai dai yana da nauyi ga mai azumi. Shi kuwa jeli, ko tsoho marar haƙori zai sha, musamman in ya kwana a tallaja, wato firji. Har da ɗaga yatsa.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi. Ustaz ya ɗauko kwalba ya dire a gabana. A ciki wani abu ne ruwan ƙasa kamar kunnen mutum, irin naman kazan da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace.

"Wannan shi ne futr," ya ce.

A bakin ƙofa Baba Idi bai ko dube ni ba.

"Ɗana," in ji shi, "da ka ce ba ka sani ba, da na roƙe su su ba ka ko tsintsiya. Yanzu kam halas, magana ta ƙare."

Bayan salla muka koma gida. A Katsina Inna ta rasu, kuma ba ta taɓa yi min gori ba, abin da ya fi cina a rai ke nan. Tun daga ranar, ko hanyar kasuwa aka tambaye ni, sai na fara da cewa, "A maimaita, ban ji ba."