Rasuwar Wayata a Mataki na Ɗari Shida da Sha Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni ma'ajin fayil na ofishinmu, wanda abokan aiki ke kira Ƙwaƙwalwa, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayata. Ta cika ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya na safe a kan teburina, bayan shekara huɗu muna tare.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Tun da na saka mata wasan nan na wasa ƙwaƙwalwa ba ta huta ba. Da wasan ya ce in tashi mai barci, girgiza ta na yi har murfinta ya faɗi, amma ta ce “tilin!” alamar na ci. Na kifa ta don in zubar da madara, na hura mata iska don in kashe kyandir. In na kuskure, a hankali take cewa “ɗuuut”, don kada Oga ya ji. Ga rufin asiri: duk amsar da ta raɗa mini bayan na kalli tallan sabulu, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ajali ya same ta a mataki na ɗari shida da sha biyu. Aka nuna kifi kwance a kan yashi, aka ce a ba shi ruwa. Kwana huɗu ina fama. Mai buga takardu, wadda teburinta ke kallon nawa, ta riga ta wuce matakin, kullum da safe kuma sai ta ce, “Yaya, ya mai jiki? Kifin nake nufi.”

Ranar Talata, ga wani dattijo tsaye a taga tun takwas yana jiran fayil ɗin fanshonsa, sai basira ta sauko mini. Wasan da ya sa a girgiza waya, me zai hana ya so a jiƙa ta? Na tsoma ta cikin kofin ruwa.

Ta ce “ɗuuut” mai tsawo, fuskarta ta yi fari, ta yi baƙi. Ina lalube da yatsa, dattijon ya leƙo ya ce, “Ɗana, fayil ɗin nawa a kofin yake?”

Aka garzaya da ita wurin mai gyara, ya buɗe, ya girgiza kai. Ta kwana biyu cikin shinkafa, har uwar yara ta ce tana bukatar abinta. Mai buga takardu kuwa, da ta gama yi mini ta'aziyya, sai ta ce ai gajimaren da ke saman allo ake jawowa da yatsa ya zubo wa kifin ruwa.

Marigayiyar ta bar caja mai ɗaurin salatif, da babban yatsana da ke motsi shi kaɗai, da kifi ɗaya cikin ƙishirwa.

Za a binne ta ranar Juma'a da ƙarfe goma a aljihun tebur na ƙasa, inda ba abin da ya taɓa shiga ya fito. Zaman makoki kwana uku ne a ofis, daga takwas zuwa huɗu. Ana tabbatar wa masu jiran takardunsu cewa ba za su ga wani bambanci ba.