Rasuwar Firintar Sikelin Maigatari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu tafasa take yi, ni Sajo Ishaƙ, malamin sikelin manyan motoci na Alhaji Ubaidullahi a Maigatari, nake sanar da direbobi da 'yan kamasho da fataken riɗi, na gida da na Damagaram, rasuwar firintata. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, ita kaɗai a ofis, ƙofa a kulle. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya yi.

Marigayiyar irin ta da ce, mai buga rubutu da allurai a kan takarda mai huji-huji a gefe. Ba ta da kyan gani, na yarda. Amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ba ta taɓa ƙin aiki don zafin rana ba. Idan tirela ta hau sikeli, ta ce "ziiit, ziiit, ƙarrat", direba ya yagi takardarsa ya sa a aljihu, magana ta ƙare. Wanda ya zo da rigima ma, da ya ji wannan kuka nata sai ya sauke murya.

A wajena kuwa ta wuce kayan aiki. Kowa a kasuwar nan ya san yanar ido ta taso mini. Allon kwamfuta in na kalle shi haske kawai nake gani, kamar an haska mini tocila. Lokacin da abin ya fara, Mannir mai gyara na Gumel, Allah Ya yi masa albarka, ya saita manhajar sikelin yadda in na danna maɓalli ɗaya, nauyin motar zai bar allo ya sauka a takarda, layi ɗaya tak, da manyan baƙaƙe. In ɗaga takardar kusa da hanci in karanta. Da haka na riƙe kujerata, na ci da iyalina, ban roƙi kowa ba. Alhaji ya sha faɗa mini cewa muddin ina iya karanta awo, wurin nawa ne.

Sai ga Abdulmuhaimin, surukin Alhaji, mijin 'yarsa Zakiyya, wanda ya yo kwas ɗin kwamfuta na 'yan makonni ya dawo yana tafiya kamar shi ya ƙera ta. Tun da ya zo yake cewa aikina na tafiyar hawainiya. Ranar Juma'a dab da lokacin salla, ina can baya ina alwala, ya zauna a kujerata ba sallama ba izini, ya umarci manhajar da ta daina rubuta komai a allo, duk abin da za ta faɗa ta tura wa firinta kai tsaye. Wai don ya rage mini wahalar danna maɓalli. Wa ya aike ka? Kuka na kawo maka? Yatsa ne ke mini ciwo ko ido?

Bai tambayi kowa ba, shi ya sa bai san cewa muddin akwai kaya a kan sikeli, manhajar ba ta yin shiru, maimaita nauyin take yi duk ƙiftawar ido. A allo wannan ba komai ba ne, lamba ce ke goge lamba. A takarda kuwa kowane maimaici layi ne. Ya ga allo ya yi baƙi, firinta ba ta motsa ba don sikelin fayau yake, ya ce aiki ya yi kyau. Muka kulle muka tafi masallaci.

To, duk ɗan Maigatari ya san halin direbobinmu ranar Juma'a. Mai son ya zama na farko a layi, kan sikelin yake ajiye motarsa ya tafi salla. Haka wani bawan Allah daga Sule Tankarkar ya yi da tirelar wake, ban kuma ga laifinsa ba. Da a wutar gari muke, da wataƙila an ɗauke wutar ta samu ta huta. Sola ce. Baiwar Allah ta kama rubuta nauyin wake, ta rubuta, ta sake rubutawa, ana huɗuba tana yi, ana salla tana yi, muna cin abinci tana yi. Takarda ta ƙare, ba wanda ya ce mata ta tsaya, ta ci gaba da dukan robar cikinta da allurai har kanta ya ƙone. Mai shayin da ke jikin katangarmu ya ce kukanta na ƙarshe "tik... tik..." ne. Da na buɗe ƙofa, ƙauri ne ya tare ni, takarda kuma ta kai mini gwiwa. Wallahi na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Mannir ya zo ya duba ya girgiza kai. Kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa, sababbin firintoci kuma ba sa jin yaren tsohuwar kwamfutarmu. Ya mayar da rubutun kan allo, inda ba na gani.

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya gwauruwa, da ribon na tawadarta biyu sababbi a leda waɗanda ba su san abin da ake ciki ba, da ƙyallen atamfar da matata Rakiyya ta ɗinka mata don rufa, da ni.

Game da jana'iza: na nemi Liman ya ce wani abu, ya ce in ji tsoron Allah, saboda haka ba salla. Likafaninta takardar da ta mutu tana bugawa. 'Yan gwangwan da ke ta zagaya ofis tun jiya su kama gabansu, ba za a auna ta a kilo ba. Ranar Asabar da safe za a ɗauke ta a mota zuwa shagon Mannir a Gumel, ta kwanta a saman kanta cikin 'yan'uwanta. Abdulmuhaimin kada ya zo, kada ya aiko.

Masu ta'aziyya su same ni a gida, kada su je sikeli. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya yi kisa ba ya cin gado. Amma jiya Alhaji ya kira ni ya ce tunda awo ya koma allo, sai mai ido. Daga Alhamis, ranar kasuwa, Abdulmuhaimin ne a kujerata.